Kifi Mai Rawayan Ciki Ya Yi Kisa

Yaya Dawuda,

Na tahi asibitin Kankiya a ɗinke min hannu. Kada jinin da ke ɗakinka ya tsorata ka, nawa ne.

Fitarka ke da wuya, shuɗin kifin nan mai rawayan ciki da ka kawo daga Fatakwal ya far wa ƙaramin mai zane a cikin akwatin gilashin da kake kiwonsu. Ya bi shi har cikin duwatsu, ya yayyage mishi wutsiya, ya ƙwaƙule mishi ido. Na yi ta bubbuga gilashin, ya ƙi bari. Zuciya ta ɗebe ni, na ɗauko muciya in raba su, sai na maka wa akwatin. Ya tarwatse, ruwan gishiri ya malale tabarma, gilashi ya tsarge min hannu.

Ƙaramin ya mutu a tafina. Ka yafe min, na san yadda kake ji da su.

Sauran ukun suna cikin baho da ɗan ruwan da na tara. Azzalumin yana kwanon sha shi kaɗai, don Allah kada ka maida shi cikinsu. Inna ta ce a soye shi, na ce a jira ka.

Ƙanwarka,
Rahamatu