Rabin Fuskar Silbanus

Litinin, 5 ga Afrilu, 1999

Yau na ɗauko wa kaina Dala ba gammo. Maman Obi, matar marigayi Silbanus mai gyaran rediyo, ta aiko in je. Na same ta tana tsince shinkafa da laluben yatsu, don yanar ido ta hana ta gani. Ta ce a watan Yuni mijinta zai cika shekara, za a yi taro a ƙauyensu can ƙasar Ibo, kuma su a wurinsu akan ɗora siffar mutum ta siminti a kan kabari, kai da kafaɗu. Ta riga ta yi magana da wani Ayobami mai aikin siminti a Unguwa Uku. Sai dai hoton Silbanus guda ɗaya ne a duniya, na jikin katinsa, shi ma hatimi ya cinye rabi. Ita ba ta gani, 'yarsu Obiamaka kuma tana can tana jego. Ta ce, "Malam Isyaku, kai ne idona. In ka ce shi ne, shi ne."

Na ce to. Bakina ne ya faɗa, bai shawarce ni ba. Mutumin da muka zauna benci ɗaya a ƙofar shagonsa nan Gyadi-Gyadi tun dawowarsa bayan yaƙin basasa, yaya zan ce wa matarsa a'a?

Talata, 6 ga Afrilu

Matata Uwani ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai da tsufana na zama wakilin gunki.

Asabar, 10 ga Afrilu

Na je wurin Ayobami. Rumfar kwano ce bayan masu faci, cike da tukwanen fure da zakunan siminti masu kama da kyanwar da ta ƙoshi. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi ta jikokina. Ya ce da yumɓu yake farawa, sai na amince sannan ya zuba siminti, in an zuba kuwa bakin alƙalami ya bushe. Ya ɗauko fensir ya ce, Baba, kwatanta mini shi.

Na ce mutum ne mai haƙuri, ba ya cin haƙƙin kowa, yana son dafaffiyar gyaɗa. Ya ce hanci yake tambaya. Na ce hanci dai irin na mutane. Goshi fa? Akwai. Ya ajiye fensirin ya dube ni kamar na zo sayen abin da ban san sunansa ba.

Ni da nake iya zana wa yara ƙafafun Gizo da baki har su ɗage nasu daga tabarma.

Juma'a, 16 ga Afrilu

Zance ya kai masallaci, ban san wa ya kai shi ba, ko da yake na san Uwani ta je suna jiya. Malam Lawan limaminmu ya tare ni wajen takalma. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa, sai ya tuna mini abin da aka ce game da masu yin siffa. Na ce ni ba na taɓa yumɓu, shaida kawai zan yi. Ya ce mai riƙe ƙafar akuya da mai yanka duk fawa suke.

Gaskiya raina bai kwanta ba. Amma alkawari ma ai an yi magana a kansa.

Asabar, 24 ga Afrilu

Ayobami bai fara ba. Rumfar ta cika da alluna. Tunda soja za su koma bariki, duk wanda ya ci zaɓe, da ƙaninsa, da mai son kwangila a wurinsa, kowa yana son a zana fuskar mai girma da fenti kafin ranar rantsuwa. Ayobami ya ce in dawo jibi. Jibin Bayarabe da jibin tela uwarsu ɗaya.

Laraba, 28 ga Afrilu

Jibi.

Litinin, 3 ga Mayu

Ayobami ya yaye jiƙaƙƙen ƙyalle daga kan abin, ya ja da baya yana jiran yabo. Wani ƙaton mutum na gani, wuya ninki-ninki, haɓa a sama, yana kallon nesa kamar zai yi alkawarin ruwan famfo. Na ce wannan ciyaman ɗin wace ƙaramar hukuma ce? Ya ce, Baba, mutane ba sa biyan a yi musu kamanninsu, suna biyan a yi musu yadda suka so a ce suna. Na ce ai wannan ya mutu, ya daina so.

Hannunsa ya saba da wuyan 'yan siyasa, shi ke nan. Silbanus kuwa in iska ta taso sai na riƙe masa gefen riga.

Asabar, 8 ga Mayu

Ya rage wuyan. Yanzu ya koma ciyaman da ya faɗi zaɓe. Na ce ba shi ba ne. Ya ce ina ne ba shi ba? Na ce ko'ina. Ya ce nuna mini da yatsa. Na tsaya gaban yumɓun, yana kallona ina kallonsa, na kasa nuna ko wuri ɗaya. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai ba da aiki irina ba, in ce bai yi ba in kasa faɗin abin da zai yi. Na ce ni ma ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba. Muka rabu a haka, ba sallama mai daɗi.

Lahadi, 9 ga Mayu

Abin da ban gaya wa kowa ba. In na rufe ido ina jin muryarsa sarai, da yadda yake cewa "Isiyaku" da wasali fiye da kima, da ƙaurin dalma a rigarsa. Fuskar ce ba ta zuwa. Kamar ka leƙa rijiya ka jefa guga, hoton ya watse.

Kakata takan ce maƙaryaci ne kaɗai ke tuna komai. Ban ji sanyi ba.

Alhamis, 13 ga Mayu

Maman Obi ta tambaya. Na ce ana nan ana yi. Ta ce ta san ba zan bari a kai wa 'yan uwansa baƙo ba, jikokinsa ba su san shi ba, abin da suka gani a kabarin shi ne kakansu har abada. Da ta san nauyin da ta ƙara mini da ta yi shiru.

Alhamis, 20 ga Mayu

Karo na uku. Ya bi hoton kati ƙwaya da ƙwaya, ya fito da mutum mai zare ido kamar an tsare shi a shingen hanya. Haka Silbanus ya yi a hoton, don tsoron mai hoto yake. Ayobami ya ce siminti na son kwanaki kafin ya kama, in ban amince ba zuwa farkon Yuni zai zuba wanda ke nan, ko in so ko in ƙi. Na ce ya zuba ya kai wa uwar mai hoton.

Bai kamata in faɗa ba. Zafi ne. Garin kamar tanda.

Asabar, 29 ga Mayu

An miƙa mulki. Rediyon kowa a kunne, nawa ya ƙi, kuma mai gyara shi ba ya nan. Na saurari rantsuwar ta katangar maƙwabta.

Talata, 1 ga Yuni

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Na je da niyyar in ce ya zuba kowanne, na gaji. Ina isa hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ayobami ya shiga kwashe alluna, ya ɗauke kan yumɓun daga inda ke yoyo ya ɗora a ƙarshen benci. Ni ma na zauna a bencin don babu wani wuri. Ga ni, ga kan yumɓun a damana, mu biyu muna fuskantar titi, muna kallon mai baro yana kokawa da kwata.

Sai na karkata ido, ban juya kai ba, zan ce dubi wancan wawan. Yadda na saba.

Bakina ya ce, "Kunnen nan ba nasa ba ne." Ayobami ya tsaya da allo a hannu. Na ce saman kunnen ya lanƙwaso waje, don a nan yake saƙale sukundireba tun yana saurayi. Na ce ƙashin kunci ya fi haka fitowa, ƙarƙashinsa akwai rami. Hancin yana da ɗan tudu a tsakiya. Akwai tabon dalma kamar ƙwayar dawa a gefen haɓa. Gefen bakin nan yana ɗagawa sama kafin ya faɗi abin da zai ba ni haushi. Magana na zuba kamar ruwan da ke kan kwano. Ya jefar da allon ciyaman a ƙasa, ya durƙusa, yana murza yumɓu yana cewa, ci gaba Baba, kada ka juyo, kada ka juyo.

Ashe ban taɓa zama gaban Silbanus ba. Kullum shi a dama ni a hagu, idonmu a titi. Wane babba ne zai zauna yana ƙare wa ɗan uwansa kallo ido cikin ido? Rabin fuskarsa na sani, na hagu, amma na san shi kamar tafin hannuna.

Da ruwa ya ɗauke, Ayobami ya ce saura ɗaya gefen. Na zagaya na duba. Na ce wannan ban san shi ba, ko a hanya muka haɗu ba zan gaishe shi ba.

Laraba, 2 ga Yuni

Uwani ce ta warware, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wai tun da idon Maman Obi ya tafi, a wane gefe take riƙe Silbanus in za su coci? Ni da na yi ta ganinsu suna wucewa duk Lahadi.

Alhamis, 3 ga Yuni

Na kai Maman Obi wurin Ayobami a tasi. Ta wanke hannu, ta ɗora a gefen dama na yumɓun. Sai ta fara: nan ya faɗa, nan haƙori ya fita tun kafin a haifi Obi, kuncin ya shiga. Girar nan ta fi ɗaya sauka. Ta kama yatsan Ayobami tana bi da shi. Da ta zagayo gefena ta shafa kunnen, hannunta ya tsaya a lanƙwasar. Ta faɗi wata kalma da yarensu, ba da mu take ba. Na fita duba ko mai tasi yana nan, alhali na san na sallame shi.

Ayobami yana ta mita, wai gefe biyun ba su daidaita ba, fuskar ta karkace, za a ce bai iya aiki ba. Maman Obi ta ce, "Ɗana, haka na aure shi."

Na tsaya a gaban Silbanus sosai, karo na farko. Na ce a zuba.

Juma'a, 11 ga Yuni

Siminti ya kama. An naɗe shi da tsohon bargo da katifar yara. Malam Lawan ya tambaye ni ko na gama da sha'anin nan, na ce na gama, ina kuma neman gafarar Allah a kan abin da na yi daidai da wanda na kuskure. Ya ce Silbanus ya taɓa gyara lasifikar masallaci ya ƙi karɓar komai.

Litinin, 14 ga Yuni

Sun tafi. A tashar Sabon Gari kwandasta ya so ya tura kan simintin ƙarƙashin mota tare da buhunan albasa. Na yi masa faɗan da ban yi wa kowa ba tun ina da baƙin gashi. An ba shi kujera, kusa da taga, Maman Obi a damansa. Ta inda na tsaya, gefena nake gani.

Alhamis, 17 ga Yuni

Ba labari. An yi ruwa da rana. Rediyo na nan yadda yake.

Da la'asar Uwani ta kawo fura, maimakon in zauna a gefen tabarma inda na saba sai na zauna a gabanta, don can ɗin da laima. Tana damawa. Akwai wani ɗan tabo a saman girarta ta dama, siriri kamar zare. Na tambaya, ta ce murfin tukunya ne, tun shekarar da muka tare a gidan nan. Sai ta ajiye ludayi ta ce, Malam, lafiya kake kallona haka?

Na ce ƙuda nake kora mata.

Wurin da laima ne, gaskiya. Gobe ma ina jin ba zai bushe ba.