Muryar Rahmatu a Caji Ofis

Lahadi, 20 ga Yuli, 2025

Na ƙarar da ƙuruciyata a aji ina koya wa 'ya'yan mutane girmama doka, ban taɓa ganin ranar abin ba. Yau a kasuwar kifi wani direba ya rotsa wa Kolo mai banda kai da ƙarfe. Na ɗauka a waya. 'Yan sanda na isowa kowa ya soke tasa a aljihu, sai ni, uban 'yan boko, na ce ɓoye shaida haramun ne. Kofur ya karɓa ya ce, "Baba, ai wayar ce shaidar." Ya wuce da ita.

Litinin, 21 ga Yuli

Caji ofis. Na roƙa su kwafi bidiyon su ba ni abata. Wai doka ta ba su ikon riƙewa har a gama shari'a. Na juya harshe zuwa Turanci, wani ya ce, "Malam, nan ba aji ba ne."

Abin da ban faɗa musu ba: muryar matata Rahmatu na ciki. Ba ta iya rubutu ba, sai dai ta danna ta yi magana. "Malam, ka taho da daddawa, ban da tsayawa surutun siyasa." Tun rasuwarta bara nake saurara bayan asuba.

Laraba, 6 ga Agusta

An ɗage shari'a.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kolo ya yafe. An sasanta su gaban Sarkin Kasuwa, har kifi suka ci tare. Wayata dai sai "oga ya dawo".

Amira ta ce da na gaya mata, da tuni ta adana mini saƙonnin wani wuri. Da wane baki zan ce wa 'yata ina zama ina sauraron uwarta?

Lahadi, 28 ga Satumba

Ɗazu aka doki wani a tashar Guri, a gabana. Na sunkuya ina taya albasa. Ba tsoro ba ne. Albasar nake buƙata.

Jiya 'yan sanda suka ba ni wayar. Ambaliya ta shiga ɗakin ajiyarsu, buhun da take ciki kuwa a ƙasa yake. Ari mai gyara ya buɗe ta, ya kankare tsatsa da farce, ya ce, "Sai haƙuri, Malam." Bidiyon ko kotu bai je ba.

Saƙonnin Rahmatu, ko ɗaya bai tsira ba.