Kullum Ƙarfe Ɗaya Ylber Yake Mutuwa

Zuwa ga Teta Vjollca, goggon masu neman shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ya ci gaba da kallona da idon mutunci. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne.

Shekaruna hamsin da biyu. Ina wanki da guga a wani otal da ke bakin teku a Saranda. Gidanmu na gado yana Gjirokastra, ƙasa da ganuwa, mai rufin dutse. A can mahaifiyarmu take tare da ƙanena Resul da matarsa Lumturi. Shekara uku ke nan Resul ya buɗe gidan ga 'yan yawon buɗe ido. Motarsu takan taso daga bakin teku da safe, su zaga ganuwa da kasuwa, ƙarfe ɗaya su shigo gidanmu a ba su kofi da qifqi, wato soyayyen curin shinkafa da ƙwai, su ɗauki hoton sassaƙen silin. Ban taɓa ganin laifin wannan ba.

Inna tana da shekara tamanin da huɗu. A da, duk unguwar da aka yi rasuwa ita ake aika wa ta zo ta yi waƙar makoki, tana jero halayen mamacin har maza su juya baya suna share ido. Na yi karatun Alƙur'ani da girmana, bayan an sake buɗe masallatan da gwamnatin gurguzu ta rufe, kuma malaminmu ya hana mu irin wannan kuka, amma ban taɓa iya faɗa mata ba. Yanzu mantuwa ta kama ta. Autanmu Ylber ya shiga kwalekwale zuwa Italiya shekara kusan talatin da suka wuce, ruwa ya ci shi, ko gawa ba mu samu ba. Inna ta manta. Kullum sai ta tambaya ko ya dawo, ta ɓoye masa qifqi biyu a aljihun rigarta.

A watan jiya ina kwashe tawul a gefen wurin ninkaya, sai na ji muryar Inna tana fitowa daga wayar wata baƙuwa. Matar tana kwance, ta shafe jiki da mai, tana nuna wa ƙawarta. Inna ce cikin baƙaƙen kaya tana dukan ƙirji tana kiran Ylber.

Ranar hutuna na hau mota na je, na gani da idona. Idan baƙi sun zazzauna, Resul yakan durƙusa kusa da ita ya raɗa mata cewa Ylber ya mutu, ruwa ya ci shi. Ita kuwa a wurinta yanzu ne ta fara ji. Sai ta ƙwalla ƙara, ta kama waƙa. Baƙi su ɗaga waya, wasu su yi hawaye, a ƙarshe su tafa. Mai yi musu jagora yana gaya musu wai tsohuwar al'ada ce da ba a ƙara samun irinta.

Da na yi magana, Resul ya ce, "Haba Yaya malama, kafin la'asar ta manta, har dariya take yi. Ke kina can kina goge zanen gadon Turawa, ni nake tare ruwan rufi da roba, ni nake wanke ta idan ta ɓata jikinta. Ƙarya na yi mata? Bai mutu ba ne?" Lumturi ta ƙara da cewa gidaje goma ne a layinmu masu kofi da silin, amma mai kuka namu ne kaɗai.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Alhamis da ta wuce Resul ya tafi Tirana ganin likita, ni ina gida. Mota ta zo. Lumturi ta raɗa wa Inna, Inna ta harare ta ta ce maƙaryaciya. Mutum talatin suna zaune suna jira, jagoran yana duba agogo. Lumturi ta riƙe hannuna tana cewa idan suka fita haka ba za su sake dawowa ba. Teta, na durƙusa. Inna ta shafa fuskata ta ce, "Ke ba kya ƙarya, 'yata. Da gaske ne?" Na ce da gaske ne. Jagoran ya ce bai taɓa jin ta yi waƙa kamar ta ranar ba.

Da la'asar ta manta, kamar yadda Resul ya faɗa. Amma da na kawo mata shayi sai ta janye jikinta, ta ce ita ba ta san dalili ba, ganina yana sa gabanta faɗuwa.

Ki gaya mini, akwai zunubi a faɗin gaskiya? Idan kuma na ce mata yana raye, ban yi ƙarya ba? In na hana Resul, da me zai riƙe gidan da ita?

Taki,
Mai Guga daga Saranda

*

'Yar'uwa Mai Guga,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan amsa miki kai tsaye, don na ga ke ba mai son a rufa miki ba ce.

Kin tambaye ni ko faɗin gaskiya zunubi ne. Kin san ba wannan ce tambayar ba. Ba don Inna ta sani kika faɗa mata ba, don ta yi kuka kika faɗa. Ta ƙi yarda da Lumturi, ta yarda da ke saboda shekara hamsin ba ki taɓa yi mata ƙarya ba, kuma wannan amanar kika ba baƙi talatin su sha kofi da ita. Ki kira abin da sunansa, ki tuba, kada ki ɓuya a bayan karatu.

Resul ma yana da tasa gaskiyar. Shi yake ɗauke da tsohuwa da rufin dutse, ke sai ranar hutu. Wanda ya gaji yakan saba da abin da a da zai ba shi tsoro. Amma ya yi kuskure da ya ce tana mantawa. Kanta ya manta, jikinta bai manta ba, shi ya sa take janyewa daga gare ki.

Don haka kada ki je masa da wa'azi kawai, ki je da abin da zai maye gurbi. Garinku cike yake da mazan da ke waƙar gargajiya, a gayyato su. Lumturi ta koya wa baƙi yin qifqi, suna son irin wannan. Ke kuma ki ɗauki kwana biyu a mako na kula da Inna, ko da aikinki zai ragu. Ƙarfe ɗaya ta same ta a ɗakin sama, ƙofa a rufe. A kai ta wurin likita kuma.

Idan Resul ya ƙi, ki tsaya gaban baƙin kafin ya durƙusa, ki faɗi da ƙarfi abin da zai raɗa mata da dalilinsa. Ko jagora ya ƙi fassarawa, cikinsu ba a rasa mai jin yarenmu. Wannan gaskiyar ce ta cancanci bakinki. Watakila Resul ya daina yi miki magana. Ki jure.

In ta tambayi Ylber, ba dole ki ce yana raye ba. Ki ce, Inna, ba ni labarinsa. Za ta ba ki, kuma ba za ki yi ƙarya ba. Kada ki sa ran za ta daina tsoronki da wuri, mai yiwuwa ma ba za ta daina ba. Ki ci gaba da kawo shayin.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya jiƙan Ylber, ya shirya tsakaninki da ƙaninki. Qifqi biyun nan kuwa, ku bar mata su a aljihu.

Teta Vjollca