Na Ce Ƙirji Ne

Gadarif, farkon damina

Zuwa ga ƙanwata Raliya, a Gallabat.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da Malam da yara. Ya ƙafar taki? Maƙwabciyata Manahil ce ke rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa.

Raliya, ba ni da lafiya. Wani ƙullutu ne a nonona na hagu, tun bazara. An kai ni mustashfa, asibiti ke nan, amma wa ya kai ni? Ɗan farina, yaron da ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Ya baro gonar riɗi a Simsim ya zo, Allah ya yi masa albarka. Daktor na tambaya, shi yana juya mini, don kin san Larabcina na sayen albasa ne. To da wane baki zan ambaci wurin nan a gabansa? Na ce ƙirji ne. Aka ba ni maganin tari. Kwalba bayan kwalba nake sha, ni da ko gyaran murya ba na yi.

Ki sa ni a addu'a.

Yayarki, Ma'u

Gadarif, tsakiyar damina

Raliya, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku.

Abin ya fashe. Wata sista ce ta ga ƙullutun, tana ɗaura mini abin awon jini, ta ja labule ta yi ta faɗa. Sun yanki tsoka sun auna. Ranar da amsa ta fito, daktor ya ja yaron waje, sun daɗe, suka dawo suna murmushi, wai kumburi ne. Idon yaron ja wur.

Yanzu ruwa suke sa mini a jijiya. Gashina ya zube, tuwo ɗanɗanon ƙarfe. Ta kusa da ni a benci, 'yar garin Madani da yaƙi ya koro, ta ce kimawi sunan ruwan, kuma ba a yi wa kumburi shi. Daktor mutumin kirki ne, mutane ne suka yi masa yawa. Amma ya dubi takarda, ya dubi yaron, ni kuwa kamar buhun dawa da aka kawo awo. Jikina ne fa. Ba wanda ya tambaye ni.

Ma'u

Gadarif, kaka

'Yar uwata, ina fatan kun tashi lafiya. A gaida Malam.

Na ji da kunnena. Muna shiga wurin daktor na ce wa iska ina son shayi, yaron ya fita nema. Na kama hannun rigar daktor, na tattaro Larabcin kasuwar nan, na ce na binne miji da 'ya'ya biyu, ba yarinya ba ce ni. Ya ja kujera ya zauna. Ya ce, Hajja, kina son ki sani? Na ce eh. Ya ce saratan ne, ciwon daji, ya kai ƙashi. Ba zai warke ba, amma zafin za su iya masa. Ya ce yaron ne ya roƙe shi da kuka kar a gaya mini. Na tambayi abin da na tambaya, bai yi sauri ba. Wallahi da sauƙin zuciya na fito.

Yaron bai san na sani ba, kuma ba zan gaya masa ba. Abin da ya iya yi mini ke nan, bari ya riƙe abinsa. Jiya ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce na yi ƙiba. Na dubi bango na ce haka ne.

Ki zo, Raliya, kar ki jira a gama yankan dawa. Akwai wanka, akwai sauya ƙyalle, shi ba zai iya ba, ni ma ba zan bari ba. In kin iso kin gan ni, ki daure, kar fuskarki ta nuna a gabansa.

Yayarki, Ma'u