Muryar Tsohuwa Mai Akuya

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga mahaifiya, da fatan makwancinki na cikin haske.

Inna, ranar sadakar ukunki wani dattijo a zaure ya ce wai murya ce ke fara ɓacewa daga abin da mamaci ya bari, tun kafin fuska. Na ce masa haka ne, amma a raina dariya na yi. Ni da tun ina yaro nake kwaikwayon muryarki har Baba ya amsa daga ɗaki? Daga baya wata nas a nan London ta maimaita mini, ita ma na bar ta da maganarta.

Bara aka yi mini aikin ido, karatu ya gagara. Sai Bilki, 'yata, ta zuba mini wasannin rediyo a waya, tsofaffin littattafan barkwancin Turawa da aka mayar wasa. Labaran mutanen da ba su da aiki sai shan shayi da tsoron goggonninsu. Da farko na raina. Yanzu kuwa har bas kan wuce da ni Peckham, unguwar da zan sauka, ina dariya ni kaɗai, da abu toshe a kunne, dattijo da farin gemu.

Akwai wata goggo a ciki. Muryarta daga hanci take fitowa, in ta kira sunan ɗan ƙaninta sai ka ji kamar kai ne mai laifin. Kusan kullum tana kunnena, a kicin, a layin likita, a hanyar kasuwar Lewisham.

Kwanan baya Hanan, jikata, ta ce a makaranta an umarce su su ɗauko muryar wani babba yana tatsuniya. Da rana tsaka muka yi, abin da kika hana. Na zaɓi ta tsohuwar da kura ta zo aron akuyarta, wadda kike yi mana kina ɓarar gyaɗa. Da na kai inda tsohuwa ke zazzaga wa kura faɗa, Hanan ta yi dariya har ta kwanta a kafet. Kaina ya kumbura. Na tura wa Yaya Hauwa a Zariya, ina jiran yabo.

Washegari ta kira. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba, ta tambaye ni wace Baturiya ce ta shigo gidanmu ta gaji akuyar.

Na kunna na saurara. Hausar taki ce, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba. Amma muryar daga hanci take fitowa. Goggon rediyo ce ta ɗaura zanenki, Inna, kuma ni na miƙa mata shi.

Na kashe waya na zauna na nemi muryarki. Ina ganin hannunki a faifai, ina ganin tsagen kumatunki. Bakinki yana motsi, ba na jin komai.

Abin da ya fi ba ni kunya, Hanan ta riga ta kai makaranta, ta gaya wa 'yan ajinsu haka mahaifiyar kakanta take magana. Har yau na kasa gyara mata, don ban san da me zan gyara ba. Kuma kada in ɓoye miki, ban daina sauraron goggon ba. Jiya ma ta ba ni dariya, na kama bakina kamar kina tsaye a ƙofa.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna, inda zan ji kin kira sunana in gane ki tun kafin in waiwaya.

Maganar dattijon zauren gaskiya ce. Wadda ta gaya mini ita a ƙarshe Yaya Hauwa ce, kafin ta ajiye waya. Ta ce ita muryarki ta daɗe da ɓace mata, amma ba ta taɓa damuwa ba, don ta ɗauka tana wajena a ajiye.

Autanki,
Sule