Maganina da Ranar Ban Ruwa

Litinin, 8 ga Janairu, 2024
Tumatir ya yi fure, albasa ta kama. Shekara biyu ke nan da likita a Kano ya ce sankarar jini gare ni, ga ni kuwa da fartanya a bakin dam ɗin Tiga. Magaji maƙwabcin gonata ya ce na fi shi tumbi. Hassada ce kawai.

Alhamis, 18 ga Janairu
Wannan kada matata Saude ta gani. Maganin da aka ce in sha kullum, tun Nuwamba na mai da shi kwana uku-uku, ranar ban ruwa. Shekara talatin ina noman rani, duk shukar da aka shayar kullum ruɓewa take yi. Ragowar ina zubawa a gwangwanin iri.

Asabar, 10 ga Fabrairu
Gwajin jini ya fito, lambar cutar ta hau. Bushira ta taho daga jami'a, 'yar tawa da ke digiri na biyu a kan wannan ciwo. Uwarta ta aike ta ɗebo irin alayyafo. Ta buɗe gwangwani. Shi ke nan, asiri ya tonu.

Lahadi, 11 ga Fabrairu
Da ma faɗa ta yi, da ya fi min sauƙi. Biyo ni ta yi gona, ta zauna a kan kunya. Ta ce a cikin ɓargona wasu zaruruwan gado guda biyu ne suka karye suka yi musayar wutsiya. A mahaɗar sai aka samu sabon umarni, yana ƙera wani sinadari da ba ya hutawa, dare da rana yana ce wa fararen ƙwayoyin jini su hayayyafa. Maganin shiga yake ya toshe bakin sinadarin nan. Na kawo mata hujjata ta ban ruwa, ina jin kaina malami. Ta yi dariya, amma idonta ya cika.
"Baba, ba ban ruwa kake yi ba, ɓaraka kake toshewa. Ka taɓa toshe ɓarakar kwata yau ka buɗe ta gobe da jibi?"
Ta ce abin tsoron, a kwanakin da nake bari wasu ƙwayoyin na iya sauya kama, maganin ya daina kama su. Sai bayan wata uku za a sani. Wallahi na ji tsoro. Na ce mata rana ce ta dame ni.

Talata, 13 ga Fabrairu
Saude ta zama soja. Da hannunta take miƙo min, sai na buɗe baki ta duba.

Juma'a, 22 ga Maris
Azumi. Da buɗa-baki nake sha, bayan kunu. Magaji ya ji labari, yanzu da ya hango ni sai ya ce ko an shayar da ni yau.

Laraba, 15 ga Mayu
Lamba ta sauka, magani yana kamawa! Alhamdu lillahi. Bushira ta yi ta kuka a waya, na ce ta bari, ai dama na san jinina mai jin magana ne.

Alhamis, 16 ga Mayu
Saude ta tafi bikin suna a Kiru, ta manta da ni sam. Na kai bakin gona na tuna ban sha magani ba, na juyo da keke har gida. Na sha. Ba wanda ya gani. Dama akwai igiyar da na manta.