Surukina Zai Kara da Algaita Mai Jaka, Ƙirjinsa Kuwa Ba Lafiya

Assalamu alaikum Malam Nababa. Don Allah ka agaza mini da shawara, abin da idona ya gani ya hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garinmu.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Minjibir, ina kuma busa algaita. Baba Mati ne ya koya mini, daga baya ya ba ni 'yarsa Raudatu. Ka ga ke nan malamina ne, surukina ne, uba ne. A zamaninsa in ya kumbura kumatu, sai mai ganga ya gaji shi bai yanke sauti ba, yana shaƙar iska ta hanci yana busawa ta baki.

Kowace kaka in an ɗaure gero, garuruwanmu kan yi gasar masu busa. Bana sai maƙwabtanmu suka fito da wani Ɗanliti, tsohon ɗan badujala. Ya zo da irin algaitarsu mai jakar fata, wadda ake hura wa iska a matse ta a hammata. Ita ba ta shiru ko mai ita ya tsaya numfashi. An sha gardama a kasuwa, wasu na cewa ha'inci ne, jaka ce ke busa ba mutum ba, wasu na cewa zamani ne ya zo. Alƙalan gasar dai sun yarda ya shiga. Matasa kuwa sai yawo suke da bidiyonsa a waya, wai algaitarmu ta zama tarihi.

Maganar ta ƙona wa Baba rai. Ni aka tsayar in wakilci garinmu, amma ya miƙe gaban mai gari ya ce shi zai fita da kansa, kuma ba zai sauke algaita daga bakinsa ba sai jakar Ɗanliti ta sace. Aka yi ta tafi.

Malam, shekaranjiya na bi shi gona inda yake gwaji a gindin tsamiya. Bai yi nisa ba na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, sautin ya fara rawa, sai ya durƙushe dafe da ƙirji. Da ya yi tari na ga jini a hannun rigarsa. Yana dawowa hayyacinsa ya damƙe hannuna, ya ce in na faɗa wa kowa, ko da Raudatu ce, bai yafe mini abin da ya koya mini ba.

In na yi magana za a ce fili nake so, dama akwai masu raɗa cewa na ƙosa in gaji algaitarsa. In na yi shiru ya faɗi a tsakiyar taro, da wane ido zan kalli matata? Jiya ina kallonta tana wanke masa babbar rigar da zai sa, har da 'yar waƙarta. Tuwo ma na kasa ci. Ga gasar ta ƙarato. Yaya zan yi?

Naka, Mai Busa daga Minjibir.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Ka fara ajiye maganar gasa a gefe. Dattijon da ke tarin jini asibiti yake buƙata a yau, ko akwai gasa ko babu.

Ban ga laifin Baba Mati ba don ya ji zafi. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sana'a, rana ɗaya yara su ce ta zama tarihi, dole zuciya ta motsa. Ba Ɗanliti yake yaƙa ba, tsoron a manta da shi yake yi. Amma sirrin da zai kai mutum kabari ba amana ba ne, ka tambayi limaminku ka ji.

Ka koma wurinsa kai kaɗai, ka durƙusa, ka faɗa masa gaskiya cewa ba za ka iya ɓoye wa Raudatu ba. Kada ya ji a bakin wani. Daga nan ka sanar da ita, mahaifinta ne, tana da haƙƙi. Ku nemi aminin da yake jin nauyinsa ya raka ku asibiti. Kasuwa ba ta buƙatar sanin komai.

Sannan ku bar masa girmansa. A roƙi mai gari ya zaunar da shi a sahun manya, ya miƙa maka algaitarsa da hannunsa gaban jama'a. Kai kuma ka busa iya ƙarfinka, ban da rantsuwa a kan jakar kowa. Ɗanliti ma ya sha wuya kafin ya iya tasa. Ko an kayar da kai, an dai ji abin da Baba ya koyar.

Masu raɗa za su yi, wataƙila shi ma ya daina amsa gaisuwarka na ɗan lokaci. Ka jure. Fushin mai rai ana lallashinsa, amma ba a kai wa kabari ban-haƙuri.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sanyaya zuciyarsa, kai kuma Ya ƙara maka numfashi.

Malam Nababa